Ƙwayoyin 18650 na rawa a cikin gidansu: wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum. Na haɗa batir da ƙwayoyin 18650 guda 12 da na ciro daga tsofaffin batiran kwamfuta, layi uku, huɗu-huɗu a kowane layi, da BMS ɗinsa, wato ɗan allon da ke kula da caji, yana yanke wuta in da matsala. Ba ni da injin walda, sai na sayi baƙaƙen gidajen roban nan masu sifirin na jera su a ciki. Da rana panno (farantin sola) ya cika shi, mita ta nuna bolt 12.6. Da dare in kuran ya ɗauke na kunna fanka da ƙwai biyu, wata rana ya kai awa uku, wata rana ko rabin awa bai yi ba ya mutu. In na ɗan bugi akwatin ya farfaɗo. Uwargida ta ce abin da sai an mare shi yake aiki, gara mu koma tocila. Ku taimaka.

Mai gyaran rediyo, Zango

Wa alaikumus salam ɗana. Sunan ƙwayar ma ya gaya maka ciwon: 18 kaurinta ne, milimita 18, 65 kuma tsawonta. Da yawa daga gidajen da ake kawo mana an yi su ne don ƙwaya mai kariya a jiki, wadda ke kai milimita 69 ko kusa da haka, ga ɗan tsinin kai. Ta kwamfuta kanta shafaffe ne, kuma gajeriya ce. Ka ga akwai ratar milimita uku zuwa huɗu da sifirin kaɗai ke cikewa. Ni na kwana biyu ina zargin BMS, har na canza shi, ashe a gida ɗaya bakin roba ne ya tokare kafaɗar ƙwayar, kanta bai taɓa ƙarfen ba sam. Ka haska tocila ta gefe ka duba. Sannan ragowar waldar da ke kan ƙwayoyin kwamfuta, in ba ka goge ta ba, a kan ɗan ƙayar nan kaɗai wuta za ta bi.

Mai cajin salula, Kasuwar Dole

Gaskiyar Baba ce, amma bari in ƙara abin da ya ci mini wata guda. Mita ba ta faɗin gaskiya in batir na zaune ba ya aiki. Ƙwaya huɗu da ke layi ɗaya hannunsu a haɗe yake, ko ɗaya ta saki, sauran ukun za su nuna maka 4.2 lafiya lau. Sai dai uku ne ke ɗaukar kayan huɗu. Layin nan shi zai riga sauran faɗuwa, BMS kuma ba ya jiran kowa, da layi ɗaya ya yi ƙasa zai yanke duka. Shi ya sa yau awa uku, gobe rabin awa.

Ga yadda nake yi. Kunna fankar, bar ta tana juyawa. Auna kowane layi daban, wanda ya fi sauka nan ɓarawon yake. Sai ka mayar da mita kan milibolt, tsinke ɗaya a kan ƙwayar kanta, ɗayan a ƙarfen gidan da take taɓawa. In haɗin na da kyau kusan sifili za ka gani. In lamba ta yi sama, ko tana tsalle in ka danna ƙwayar da yatsa, ka kama shi. Bayan minti goma ka bi su da bayan yatsa, inda ya yi ɗumi fiye da 'yan uwansa ka sa masa alama da alli.

Kabu-kabu, Garin Malam

Yaya, duk abin da za ka yi kada ka cusa takardar kwalin sigari. Ni na yi. Na ɗaura ɗan batir ƙarƙashin sirdi don cajin waya, ƙwaya na rawa, na naɗe farar takardar nan ta alminiyam na tura a kanta. Kwana huɗu lafiya. Rana ta biyar ina hanyar Mirya da fasinja, sai na ji warin roba, sai zafi a cinya. Na tsaya na buɗe, gidan ya narke ya manne da ƙwayar, ba ta taɓuwa. Da sanda na ture ta cikin rairayi muka ja baya. Abin da ban sani ba lokacin, duk jikin gwangwanin ƙwayar nan negatif ne, har wuyanta. Ɗan farin zoben takarda da rigar leda ne kawai suka raba shi da kan, wanda shi ne pozitif. Rigar tawa ta yage a kafaɗa, girgiza ta zame da takardar sigarin, ta haɗa su. Fasinjan ko kuɗina bai ba ni ba, ya tari wani.

Ɗan lakwal, Tudun Jamus

To ɗan maganaɗisu fa? Na ga ana manna shi a kan ƙwayar ya ƙara mata tsawo.

Kabu-kabu, Garin Malam

Shi ma zamewa yake, ƙanena. Duk kanwar ja ce.

Malamar kimiyya, Sabon Gari

Nawa ya yi aiki tun sanyi ba matsala, sai da Afrilu ya shigo. Ɗakin kwano ne, zafin waje ma ya wuce 40. Na buɗe na tarar bangon gidajen ya buɗe baki kamar tsohon takalmi, sifirin biyu sun kwanta ba sa dawowa. Lissafin ba shi da wuya: haɗin da ke da turjiya 0.05 om, in amfiya 5 ta bi ta kansa, an yi asarar 0.25 bolt, kuma wat 1.25 na zafi na taruwa a wurin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Zafi ya sassauta sifirin, sifirin ya saki, zafi ya ƙaru. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a kan ƙarfen. A ganina gidan sifirin na fitila ne da rediyo. Abin da ya kai fanka, a yi masa walda da zirin nikel.

Mai gyaran rediyo, Zango

Malama, ba kowa ke da injin ba. Ni da dalma nake yi shekara da shekaru, ƙarfe mai zafi sosai, daƙiƙa biyu in ɗauke.

Malamar kimiyya, Sabon Gari

Hannunka ya saba ne Baba. Ɗan koyo zai daɗe a kai har zafi ya shiga cikin ƙwayar. Ɗan Birni, abu ɗaya kada ka manta: ƙwayar da ta saki ba lallai cajinta ya zo daidai da na sauran ba. Ka ciro ta ka auna ta ita kaɗai. In tazarar ta wuce 0.1, ka daidaita ta tukuna, in ba haka ba sauran ukun za su dura mata wuta lokaci guda.

Ɗan Birni

Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin fanka da asuba. Layin tsakiya ne, ƙwaya biyu. Ɗaya irin ta Baba ce, roba ta tokare ta, na ciro ta na same ta a 3.6 alhali sauran na 4.0. Ɗayar sifirinta ya kwanta, na canza gidan. Na goge kawunansu, na sa wa uku sabuwar riga da zobe, na yanko robar cikin tayar moto na ɗaure kowane gida tamau. Daren jiya awa huɗu ba a mari kowa ba. Amma gida ɗaya a layin ƙarshe har yanzu yana ɗan ɗumi. Akwai mai injin waldar nikel a nan Damagaram da zan kai wa ranar Alhamis in na shigo kasuwa? Kuma nawa ake yi wa ƙwaya 12?