Riƙon yaron da ya ga tashin hankali: yaya kuke yi idan ya ƙi sakin jiki da ku?

Uwar riƙo, Maiduguri:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun daga 2014, lokacin da Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba, a gidajen dangi da abokan arziki suka sauka, shi ya sa riƙon maraya ya zama ruwan dare a nan. An cika yi mana wa'azi a kan ladan riƙo, amma ba a cika faɗa mana yadda za a zauna da yaron da ya ga abin da ko babba ba zai iya ɗauka ba. Ina riƙon 'yar ƙanena mai shekara 7, wadda aka kashe mahaifinta a gona, mahaifiyarta kuma ta rasu bayansa. Tana ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma har ya lalace, idan na jawo ta jikina sai ta ƙame, amma duk baƙuwar da ta shigo gidan sai ta manne mata tana kiranta Mama. Maƙwabta sun ce butulci ne, wasu sun ce iska ce. Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan riƙo su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Malamar firamare, Gusau:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya jiƙan iyayenta. Yaron da ke hannuna ɗan yayata ne, sun kwana a daji da yunwa bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Shi ma yana ɓoye abinci, kuma da ya ji ƙarar babura a jere sai ya shige ƙarƙashin gado yana rawar jiki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Abin da ya taimaka mana shi ne na ba shi kwanonsa mai murfi, kullum da gyaɗa ko dabino a ciki, na ce masa nasa ne, ba mai taɓawa, kuma in ya ƙare za a ƙara. Ban hana shi ɓoyo ba, sai dai na ba ɓoyon wuri. Da sannu ya daina kai tuwo ɗaki. Idan ya shige ƙarƙashin gado kuwa, ba na jawo shi, ina zama a ƙasa kusa da shi in ce, "Na san ƙarar nan ta tsorata ka, 'yan acaɓa ne, ina nan tare da kai." Kalmar "ba komai" ba ta yi masa amfani, domin shi ya san akwai komai.

Baban yara, Zariya:
Malama, na ji bayaninki, amma ina da tsoro guda. Na ga gidajen da aka sakar wa maraya linzami da sunan tausayi har ya gagari kowa. Ɗan wana da nake riƙo yana ƙarya ko a kan abin da na gani da idona, yana kuma ɗaukar canji a aljihuna. Ban yarda a ƙyale wannan ba. Sai dai na lura cewa tsawa tana ƙara masa ƙaryar ne, domin a wurinsa amsa laifi tana nufin a kore shi, kamar yadda aka yi ta miƙa shi daga wannan gida zuwa wancan kafin ya zo wurina. Yanzu ba na tambayarsa ko shi ya ɗauka. Ina cewa, "Na san kuɗin suna wurinka, ka mayar, kuma gidan nan gidanka ne ko ka yi laifi." Zai mayar, zai kuma yi sharar da na sa shi, amma ba duka, ba gori. Allah ya ce a Suratud Duha kada a ƙuntata wa maraya, bai ce a bar tarbiyyarsa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Abin da Baba ya faɗa shi ne tsakiyar maganar, a fara kwantar da tsoron sannan a yi gyara, domin yaron da ya firgita ba ya fahimtar nasiha a wannan lokacin. Hajiya, game da bin baƙi da yarinyar take yi, wannan sanannen abu ne a wurin masana. Likitan Ingila John Bowlby ya yi bayanin cewa jariri yana buƙatar mutum guda tsayayye wanda zai riƙa gudowa wurinsa idan ya tsorata, kuma a kan wannan shaƙuwa yake gina yardarsa da sauran mutane. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, an tarar da yara sama da 100,000 a gidajen raino na gwamnati, da yawansu suna manne wa duk wanda suka gani. Binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a 2000 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo sun fi waɗanda aka bari samun shaƙuwa, musamman idan an yi hakan kafin su cika shekara 2, ko da yake halin bin baƙi yakan daɗe bai tafi ba. Baƙuwa ba ta da haɗari a wurin yarinyar, domin rabuwa da ita ba ta da zafi. Ke ce take tsoron ta saba da ke sannan ta rasa ki kamar yadda ta rasa na farko.

Ni ma ina riƙon yarinya, kuma na roƙi ƙawayena cewa idan ta nemi ruwa ko ɗauka su ce mata, "Je wurin Ummanki." Fitsarin kwance ma mun sha shi, muna wanke shimfiɗa tare ba tare da kowa ya ji ba. Idan mafarkin tsoro ya yawaita, ko yaro ya daina magana, ko yana ji wa kansa ciwo, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware. Addu'a da tofi ba su hana ganin likita, a haɗa su.

'Yar riƙo da ta girma, Katsina:
Iyayena, ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren. A hannun gwaggona na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. Nakan yi rashin ji da gangan don in ga ko za a haɗa mini kayana, domin jiran ranar kora ya fi korar kanta wahala. Abin da ya fi yi mini zafi ba duka ba ne, a ce mini in gode wa Allah da na samu mai riƙe ni. Gwaggo kuwa, Allah ya saka mata da Aljanna, takan ba ni labarin mahaifiyata tana yi mini kitso, ba ta taɓa neman in manta da ita ba. Hajiya, ki gwada kitso ko lalle, taɓawa ce da yaro yake iya jurewa kafin ya jure runguma.

Uwar gida, Maraɗi:
Mu ma tun 2019 muke karɓar masu gudowa daga Zamfara da Sakkwato. Abin da zan ƙara shi ne gajiyar mai riƙo. Akwai ranar da za ki ji zuciyarki ta bushe, 'ya'yan cikinki kuma suna kishi suna cewa an fi son baƙo. Nakan bar yaran wurin kishiyata in je gidanmu in wuni, kuma nakan faɗa wa yaron sa'ar da zan dawo, in kuma cika alƙawari, ko da zan bar hira a tsakiya.

Uwar riƙo, Maiduguri:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan nemo kwano mai murfi, kuma zan fara kitson da kaina maimakon in kai ta wurin makitsiya. Saura matsala guda: a Islamiyya ana bulala, kuma duk ranar da aka daki wani yaro a gabanta, ko ba ita aka daka ba, a daren nan sai ta jiƙa shimfiɗa. Malama ta Gusau, ke da kika san aikin koyarwa, ta yaya zan yi wa malaminsu bayani ya fahimta, ba tare da na baza labarinta a unguwa ba?