Ɗiyata tana tsoron zomon ajinsu, ga shi layin kula da shi ya kusa zuwa kanta

Uwar Uku, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai a kan wata matsala da ta sha mini kai. Ɗiyata mai shekara 8 tana aji uku, wato CE1, a wata makaranta mai zaman kanta a nan Damagaram. Da aka koma karatu a watan Oktoba, madam ɗinsu ta kawo wani farin zomo ta ajiye cikin keji a bayan aji, ta tsara cewa kowane mako yara biyu za su riƙa ba shi abinci da ruwa, su kuma share ƙarƙashin kejin. Sauran yara rububi suke yi a rubuta sunansu, ita kuwa tawa tun ranar da aka kawo shi ta roƙi a mayar da ita bencin gaba kusa da ƙofa, kuma yanzu da ya rage mako biyu layi ya zo kanta, kullum da safe sai ta ce cikinta yana ciwo.

Na san mafarin abin. Bara waccan da bazara, muna kwance a tsakar gida saboda zafi, gafiya ta diro daga kan katanga ta bi ta kan ƙafafunta, ta farka tana ihu. Tun daga ranar, ko kyanwa ta gani sai ta maƙale a jikina. Mahaifinta yana ganin a kama hannunta a ɗora a kan zomon sau ɗaya, ta ga ba ya cizo, magana ta ƙare. Ni kuwa ina tunanin in je in roƙi madam ta cire sunanta. Wanne ya kamata mu yi?

Tsohon Mushe (malamin makaranta), Birni

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi mini haƙuri, ke da maigidanki duka ban goyi bayanku ba, kuma ina faɗin haka ne domin na taɓa bin hanyarsa na ga ƙarshenta. Ina sabon malami a wani ƙauye wajen Matamaye, muna da zomaye a lambun makaranta, akwai wani yaro da ba ya iya wucewa ta gabansu. Ni da ƙuruciyata na ɗauka shagwaɓa ce, na kamo hannunsa a gaban aji na manna a bayan zomo. Dabbar ta firgita ta yakushe shi, yara suka fashe da dariya, yaron ya yi mako guda bai leƙo makaranta ba, sai da na je har gida na ba kakarsa haƙuri. Abin da na ƙara masa shi ne kunya a kan tsoron da yake da shi.

Cire sunanta kuma ba gata ba ne. A ranar za ta samu sauƙi, amma sauƙin nan shi ne zai tabbatar mata cewa gudun da ta yi ne ya cece ta, kuma 'yan ajinsu za su laƙaba mata suna, kin dai san bakin yara.

Abin da ya yi mini aiki da yaron nan daga baya shi ne na naɗa shi magatakardan zomaye. Na ba shi kaye, wato littafin rubutu, yana zaune nesa a inuwa yana rubuta abin da aka zuba musu da abin da suka rage. To mai rubutu dole ya duba, mai dubawa kuwa sai ya matsa. Ban taɓa ce masa ya matsa ba. Da kansa ya riƙa jan kujerarsa, har wata rana na same shi yana yi wa wani yaro faɗa wai ya cika musu dusa. Ki je ki ga madam ke kaɗai, ba a gaban yarinyar ba, ki gaya mata labarin gafiyar, ki roƙe ta ta bar sunan a inda yake amma ta raba aikin: abokiyar aikin ɗiyarki ta buɗe keji, ita ɗiyarki ta kawo ruwa ta riƙe lissafi. A zaɓa mata yarinya mai natsuwa, ba mai tsokana ba.

Mai Kiwo, Mirya

Baba Mushe ya yi maganar yarinya, ni bari in yi maganar zomon, domin na daɗe ina kiwonsu kuma na lura cewa yawancin yaran da zomo ya ji wa ciwo, laifin na manya ne da ba su koya musu yadda ake kama shi ba. Ki gaya wa ɗiyarki, yaya, cewa tsoron da zomo yake yi mata ya fi wanda take yi masa. A daji shi abin farauta ne, shaho yana nemansa ta sama, kare ta ƙasa, shi ya sa hannun da ya sauko masa daga sama ba zato yake firgita shi. Idanunsa a gefe suke, ba ya ganin abin da yake daidai gaban hancinsa, saboda haka wanda ya tura masa yatsa ta tsakanin waya yana iya shan cizo, musamman in yatsan yana ƙanshin abinci. In ya buga ƙafar baya da ƙasa ko ya lafe kunnuwansa ya takure a kusurwa, a ƙyale shi. Sannan kada a ɗaga shi da kunne kamar yadda muke gani a kasuwa. Yana jin zafi, ya yi ta harbi da ƙafa, kuma a wannan harbin ne yake yakushi, wani lokaci ma ya karya ƙashin bayansa. Yaro mai shekara 8 ba shi da buƙatar ɗaukarsa ko kaɗan.

Ta fara da miƙa masa dogon ganye, kamar ganyen karas ko reshen harawar gyaɗa, ta yadda tsawon ganyen zai raba hannunta da bakinsa. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro duk rayuwarsa, tauna busasshiyar ciyawa ce take rage su, don haka harawa ce abincinsa na ainihi, ɗanyen ganye da dusa ƙari ne. In an yi yakushi a wanke da ruwa da sabulu nan take, in ya yi zurfi a kai ta asibiti a duba maganar allurar tetanus.

Abu ɗaya yake damuna da tsarin madam. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwansa yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 yakan fara wahala. A nan kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 40, ajin ma wataƙila rufin kwano ne. In ba a mayar da kejin inuwar dogon yaro an riƙa lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu ba, wata Litinin yara za su tarar da shi a mace, kuma yarinyar da ta sha wahala kafin ta saba da shi ita abin zai fi taɓawa. A kuma tambayi wanda yake ba shi ruwa Asabar da Lahadi. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Ɗalibar Jami'a, Sabon Gari

Inna, dabarar da Baba Mushe ya gano da kansa sananniya ce a ilimin halayyar ɗan Adam. A 1924 wata mai bincike a Amurka, Mary Cover Jones, ta wallafa labarin wani yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara 3, wanda yake tsoron farin ɓera, tsoron ya bazu zuwa zomo da rigar gashi da auduga, kamar dai yadda na ɗiyarki ya tashi daga gafiya. Hausawa ma sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai binciken ta riƙa kawo yaran da ba sa tsoro su yi wasa da zomon yana kallo, daga baya kuma ta riƙa ajiye kejin nesa da shi lokacin da yake cin abincin da yake so, ana matso da shi kaɗan-kaɗan daga ƙafa 12, kusan mita 4, har ya kai yana barin zomon ya ɗan tauna yatsunsa.

Wurin da nake so ki riƙe shi ne tsakiyar labarin. Peter ya yi rashin lafiya ya yi wata biyu a asibiti, a hanyar dawowa wani babban kare ya zaburo masa, tsoron ya dawo sabo, aka sake farawa daga baya. In ɗiyarki ta ci gaba yau gobe ta koma baya, kada a ce mata ta ba da kunya, a koma matakin da ta iya. A gida kuma a daina tsorata ƙannenta da cewa gafiya za ta zo ta kama su in ba su yi barci ba, domin tana ji. Amma in ciwon cikin safiyar nan ya zarce har ta fara ƙin makaranta gaba ɗaya, a kai ta a duba ta.

Uwar Uku, Garin Malam

Allah ya saka muku da alheri, Baba Mushe da ku ƙannena. Na ga madam, ta karɓi shawarar, kuma makonsu ya ƙare jiya Juma'a. Litinin da Talata ruwa kawai ta kai ta ajiye nesa da keji. Laraba wani yaro ya buga kejin da ƙafa, zomon ya zabura, ta gudu waje tana kuka, na ce shi ke nan an koma gidan jiya. Amma Alhamis da kanta ta karɓi ganyen karas wajen mai kayan miya ta sa a jakarta, kuma madam ta ce ta miƙa masa har ya cinye ya kusa zuwa yatsunta kafin ta saki. Har yanzu ba ta taɓa jikinsa ba, mahaifinta kuma ya yarda ya daina tambayarta.

Maganar Asabar da Lahadi, mai gadi ne yake ba shi ruwa, amma zai yi tafiya a hutun ƙarshen Disamba, madam tana neman gidan da zai riƙe zomon. Ɗiyata ta ce a kawo shi gidanmu, da sharaɗin a ajiye shi a zaure. Malam Mai Kiwo, gafiyar nan fa har yanzu tana zagaya mana gida da dare. Wane irin tsayi ya kamata ƙafafun kejin su yi, kuma wayar kaji za ta iya hana ta shiga?