Neman kalma: me za mu kira "plume" a ruwan ƙarƙashin gidan mai?

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri ƙarfe 4, an ba ni rahoto in fassara kan tankunan gidajen mai da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: plume. Ƙamus ya ce gashin tsuntsu ko hayaƙi mai tashi, alhali maganar ruwa ake. Edita yana tsaye a kaina.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ki fara ganin abin tukuna. Tsofaffin tankuna na ƙarfe ne, tsatsa ke huda su, ko bututu ya saki a mahaɗa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a saman ruwan ƙasa. Amma wasu sinadaransa, musamman benzin, suna narkewa su bi ruwan duk inda ya gangara. Gindin tanki abin ya yi kauri, can gaba ya sirance. Ni jela nake ce wa masu rijiya, kuma suna ganewa.

Ɗalibi: Malala fa?

Injiniya: Malala ana ganinta a fili, kuma ko'ina take bi. Wannan gefe ɗaya yake nufa.

Baba Mai Ƙamus: Jela ta akuya ce. Ga kalma tsaf: tsiyayau. Daga tsiyaya, a kan awon mantau da makarau. Gajeriya, mai daɗin faɗa, ba aro a cikinta.

Injiniya: Allah gafarta Malam, tsiyaya a jikin tanki take. Ana iya tone tankin a jefar, abin ya shekara goma yana tafiya a ƙasa. Idan ta ce tsiyayau, mai sauraro zai ɗauka da an toshe rami magana ta ƙare.

Baba Mai Ƙamus: Kai sinadari ka karanta, ɗana, ba nahawu ba. Haka kuke yi, ku da 'yan rediyo, kullum gaggawa, har harshen ya zama kame-kame.

Ɗalibi: Baba, ai tanki da fetur ma ba namu ba ne, amma ban taɓa jin ka kore su ba.

Baba Mai Ƙamus: Waɗannan sun kwana a gida, sun haihu.

Ɗan Ƙetare: A wajenmu isansi ne ya kwana, ba fetur ba. Kullum in an ce "Hausa ta zauna", ta ɓangarenku ake nufi.

'Yar Rediyo: Baba, da girmanka, wa ya nemi izinin ƙamus kafin a ce jirgi mai saukar ungulu? Don Allah a dawo, saura awa biyu. Akwai kuma rijiyoyin da ake haƙawa kewaye da gidan man don bin sawun abin.

Injiniya: Rijiyar gwaji. Kada ki ce rijiyar sa ido, za a zaci 'yan sanda ne. Ki bayyana ta, don ba irin ta guga ba ce: bututun roba ne, faɗinsa kamar inci 2, an tsattsaga ƙasansa don ruwa ya shiga, murfinsa daidai da siminti, mota ma takan taka shi. Muna zura wata siririyar gora mai garai-garai mu ɗebo. Wani lokaci ki ga man ya yi layi a sama, ruwa a ƙasa, ga wari. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya fito fes, sai ɗakin gwaji ya ce akwai benzin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada benzin ya wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), Amurka 5, saboda yana jawo sankarar jini. A 1996 birnin Santa Monika na Amurka ya rufe rijiyoyin ruwan sha saboda MTBE, wani sinadari da ake zubawa a fetur a lokacin, wanda ya fi benzin saurin bin ruwa. Jelarsa ta fi tsawo.

Ɗalibi: Kun ji, "jelarsa ta fi tsawo". A gwada da tsiyayau mu ji.

Baba Mai Ƙamus: Tsiyayau ɗinsa ya fi nisa. Me ya yi?

Ɗan Ƙetare: Ya yi kamar sunan ciwon ido.

'Yar Rediyo: Na ƙarshe, aikin gyaran. Na rubuta tsarkakewa.

Baba Mai Ƙamus: A'a. Tsarki na alwala ne. Tsaftacewa.

Injiniya: Nan na bi Malam. Tsarkakewa ma alƙawari ne da ba ma iya cikawa. Ana zuƙo ruwan a tace da gawayi na musamman, ko a hura iska ƙasa a zuƙe tururin man, ko a ba ƙwayoyin halittar ƙasa iska su cinye shi a hankali. Ragewa ake yi har ya sauka ƙasa da ƙa'ida, kuma abu ne na shekaru.

'Yar Rediyo: To, zan ce "jelar gurɓataccen ruwa" da bayani a karon farko, daga nan jela kawai. Na gode, na shiga ɗakin ɗauka.

Baba Mai Ƙamus: Ki je da jelarki, 'yata. Amma a rubuce, ni tsiyayau zan sa.