Neman shawara: zan shiga ajin koyon girkin gargajiya a Meksiko

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida zai je taron aiki a birnin Meksiko, ya ce in raka shi. Kwana goma za mu yi, uku daga ciki a Oaxaca, wanda na ji suna kira Wahaka. Kun san sana'ata abincin biki ce, kuma na daɗe ina sha'awar girkinsu. Na ga akwai masu koyarwa na yini ɗaya, a je kasuwa tare, a dawo a dafa, a ci. Zuciyata na so, amma abu uku sun tsaya mini: alade, rashin jin yarensu, da kuma ko abin da zan koya zai yi mini amfani in na dawo Kaduna, don kuɗin ba kaɗan ba ne. Wanda ya san kan abin ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Anti ta Houston: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je, kada ki yi wasa da wannan damar. Na shiga irinsa sau biyu. Sai dai ki sani, naman alade ba shi ne abin tsoro ba, shi ai ido na ganinsa. Kitsensa ne matsalar, suna ce masa manteca. Da shi ake soya waken da suke damawa, da shi ake kwaɓa tamales, wani abu mai kama da alala amma na masara, a ganyen ayaba ko ɓawon masara. A Wahaka akwai tlayuda, faffaɗar gurasar masara, wadda kafin a ɗora mata komai sai an shafe ta da asiento, gyauron kitsen ne da ya kwanta a gindin tukunya. Za ki gan ta da wake da cuku da kabeji ki ɗauka lafiya lau ce.

A karon farko ban sanar da wuri ba, na iske an riga an soya kayan miya da kitsen tun safe. Haka na tsaya ina kallo, na ci gurasa da fiya kawai. Matar da ke koyarwa ta ji ba daɗi ƙwarai, laifin kuma nawa ne. Ki rubuta musu tun kafin ki biya, ki ce ba alade, ba kitsensa, ba giya. Sun saba da masu cin ganye zalla, za su canza miki da man girki. Ki haddace "sin manteca" da "sin puerco", za su fisshe ki ko a gidan abinci.

Ɗalibi a Puebla: Hajiya, ƙari a kan na Anti: a yawancin azuzuwan nan ana miƙo mezcal don marhabin ko bayan an ci. Giya ce mai ƙarfi, ko da sun ce al'ada ce. Ki ce "agua de jamaica". Za ki yi mamaki, zoɓo ne, namu na gida sak. Akwai kuma ruwan tsamiya. Naman yanka kuwa yana da wuya a can, Musulmi kaɗan ne. Ni kifi da ƙwai da wake nake bi. Ki tambayi romon da za a zuba a miya ma, galibi na kaza ne. Zancen yare kada ya dame ki, masu karɓar baƙi da yawa suna koyarwa da Turanci.

Hajiya Babba: 'Yata, ni ban taɓa zuwa ba, amma ina tambaya: me za su koya miki a kan masara da ba ki iya ba tun kina yarinya? Ki adana kuɗinki ki sayo tukwane.

Anti ta Houston: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai masarar ce ma dalilin zuwa. Daga ƙasarsu ta fito, can aka fara nomanta kusan shekara 9,000 da suka wuce, kafin ta iso mu. Kuma aikinsu daban yake da namu. Mu surfe muke yi mu fitar da dusa mu niƙa gari. Su dafa tsabar suke yi da ruwan farar ƙasa irin ta ci, wato laim ɗin girki da suke kira cal, kamar cokali ɗaya a kilo, su bar ta ta kwana a ciki. Da safe a murje ta a wanke, ɓawon ya saɓule da kansa, a markaɗa ta da danshinta. Ƙullun sai ya yi danƙo ya haɗe, abin da garinmu na tuwo ba ya yi, shi ya sa ake iya faɗaɗa shi siriri a gasa ba mai. Wannan dahuwar kuma tana sakin wani sinadarin bitamin da jiki ba ya iya ɗauka daga masarar da ba a yi wa haka ba.

Na ga tsohuwar da ta koya mana ta ɗora gurasar a kan comal, faifan yumɓu kamar kaskonmu amma shimfiɗaɗɗe. Ta juya sau biyu da yatsu, ta ɗan danna tsakiya, sai ga ta ta kumbura kamar an hura mata iska. Tawa sai a ta bakwai ta tashi. Irin wannan, wallahi, hannu ne ke koyonsa a gaban mai yi. Ba banza ba UNESCO ta sa girkinsu cikin kayan gadon duniya a 2010.

Uwargida Mai Waina: Ni shawarata kada ki ruɗu da mole negro. Miya ce baƙa mai daɗi, kayan haɗinta sun haura ashirin, har da cakulan da riɗi da ayaba, amma barkononta, chilhuacle, ko a can tsada yake yi, balle a Kasuwar Bacci. Ki ɗanɗana, ki kalli yadda suke gasa busasshen barkono kafin su jiƙa shi. Ƙarfinki ki sa a kan ƙullun masara da miyar tumatir da barkonon da ake gasawa a daka a turmin dutse. Su ne za ki iya yi gobe a kicin ɗinki.

Ɗalibi a Puebla: Ki zaɓi ajin da ke farawa da kasuwa, kuma mutanensa ba su da yawa. A kasuwar Benito Juárez ta Wahaka za ki ga mata da kwanduna cike da fara, chapulines, an gasa da lemun tsami da tafarnuwa da yaji. Ranar da na fara gani sai da na tuna gida. Amma gishirin nan ja da ake kira sal de gusano, da tsutsa ake daka shi, ki kula.

Maman 'Yan Biyu: Na gode, Allah ya bar zumunci. Hajiya Babba, tukwane ma za a sayo in sha Allah, har da abin matse gurasar. Na tura wa wata mai koyarwa saƙo ɗazu, ta amsa cewa za ta yi mana da mai da romon ganye, kuma ƙullun za mu fara tun daga tsaba. Anti, saura tambaya ɗaya: in na dawo ban samu farar ƙasa ta ci ba, ruwan toka zai yi?

Anti ta Houston: Zai yi, wasu ƙabilun can da toka suke yi tun asali. Ki tabbata ta itace ce zalla, ki tace sosai, ki fara gwadawa da gwangwani ɗaya.