Katin matata ya ce fozitif, wajen awo sun ce negetif

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina cikin damuwa. A Malta nake. Marsa na fara sauka bayan na ƙetaro daga Libiya, yanzu ina Hamrun ina aikin gini. 'Yar ƙasar na aura, da fari danginta ba su so ba, amma yanzu surukata ba ta cin abu ba ta aiko mana ba. Matata na da ciki wata shida. Tun tana budurwa take ba da jini, katinta an rubuta A fozitif. Wajen awo kuma aka ce sinadarin D ɗinta mai rauni ne, za a ɗauke ta a matsayin negetif, a yi mata allura a mako na 28. Jini yana canzawa ne? Inna ta ce kar in yarda a tsira wa mai ciki allurar da ba mu sani ba.

Maman Sadiq: Kun yi jinotayif kafin aure? In dai ba AS da AS ba ne, kwantar da hankalinka.

Malam na Lab: Maman Sadiq, wannan daban, sikila daban. Ɗan'uwa, jininta bai canza ba. Ƙwayar halittar RHD ce ke ƙera sinadarin D a jikin jajayen ƙwayoyin jini; mai D shi ne fozitif, marar shi negetif. Kusan kashi 15 cikin 100 na Turawa negetif ne, galibi don babu ƙwayar kwata-kwata. Mu a Afirka ta Yamma negetif kaɗan ne, kuma da yawansu ƙwayar na nan, aiki ne ba ta yi. Matarka na tsakiya: tana da D, amma kaɗan. Mai irin wannan in zai ba da jini fozitif ake rubuta masa don kare wanda za a ƙara wa. In ita ce mai ciki, sai a bi da ita kamar negetif don kare jariri. A yi allurar kawai.

Hajiya Ladi: Wayyo, da ma ni na samu wannan gata. Biyu na binne, duk shawara ce, sai a na uku wata nas ta ce ai anti-D, irin wannan allura mai hana jikin uwa yaƙar jinin jariri, ya kamata a yi mini cikin awa 72 bayan haihuwar fari. Ba wanda ya faɗa mini, kuɗinta ma a nan sai mai hali. Ƙanena, kyauta ake ba ku ko saye?

Abu Hafsa: Ni dai na ji wasu nau'ikan D mai rauni na Turawa ba sa buƙatar allura. Ka nemi gwajin ƙwayar halitta tukuna.

Malam na Lab: Nau'i na 1 da 2 da 3 kake nufi, gaskiya ne. Amma wa ya ce nata ɗaya ne daga ciki? Mutanen Malta jininsu ya gauraya, ga Sisili, ga Larabawan da suka kama tsibirin a 870. Ba a canke a nan. Ta taɓa ɓari? Kai mene ne rukuninka?

Ɗan Damagaram: O fozitif ne ni. Maganar ɓari ba ta nan ba ce, Malam. Kuma ku fahimce ni, ba ƙin allura na yi ba. Inna ta haifi tara ba allura ko ɗaya, ba zan tsallake maganarta haka kawai ba.

Hajiya Ladi: Inna ba negetif ba ce, ƙanena. Ita matar me ta ce?

Ɗan Damagaram: Ita tana so a yi. Ran Alhamis ne awo. Zan sake kiran gida daren nan.