Majinginar cizal ta katako: wa ya taɓa aiki da ita?

Mai koyo daga Garin Malam:
Salamu alaikum iyayen gidana. Injin tur ɗin da nake koyo a kai, wato injin da ke juya ice ana gurza shi, majinginarsa da ake ɗora cizal a kai ta ƙarfe ce, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. In ina gurza ƙafar tebur mai santi 70 sai na tsaya sau uku ko huɗu ina matsar da ita, kuma duk inda na tsaya sai ya bar ɗan tudu. An ce in yi doguwa ta katako. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mini.

Kafinta na Birni:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na gwada, sau biyu. Ta farko da icen gawo na yi ta don shi ne a kusa, ban yi mako ba bakinta ya cika da tabo. Cizal yana tafiya sai ya faɗa rami, hannu ya girgiza. Ta biyu kirya ce, wadda ake turmi da taɓarya da ita. Na sha wuya wajen sassaƙa ta, amma ga ta nan har yau. Ƙafa biyu na yi mata, kowace da ƙusa mai noti, don doguwa in ƙafarta ɗaya ce sai ta riƙa rawa daga ƙarshe. Jijiyar icen ta bi tsawon majinginar, kada ta gitta.

Na Zango:
Yaya, ka manta da maganar bushewar ice. Ni ɗanyen marke na saya a Kasuwar Dole da damina, na yi ta sumul. Da hunturu ya shigo ta tsage, ta kuma karkace. Laifina ne, gaggawa na yi. Yanzu sai ice ya shekara a inuwa nake taɓa shi.

Tsohon masassaƙi:
Ɗana, ka ji ni da kyau. Katako ko ƙarfe, abin da ke raunata mutum tazara ce. Tsakanin majingina da icen da ke juyawa kada ya wuce mili 5 ko 6, bakinta kuma ya zauna ƙasa kaɗan da tsakiyar icen. Kafin ka ba inji wuta ka juya icen da hannu ka ga bai taɓa ba. Ranar da na yi sakaci da wannan, kusurwar icen ta daki majinginar ta raba ta biyu, guntun ya wuce ta gefen kunnena. Allah ne ya kiyaye. In za ka sa samfefa, cire majinginar gaba ɗaya, nan take cin yatsa.

Na Zango:
Baba, gaskiya ne. Ni daga baya kwarmi na yanka a bakinta na kwantar da rodi mai santsi na mili 8. Cizal na sulɓi, ba tabo.

Kafinta na Birni:
Ban ƙi ba, amma ni na fi son ice zalla, ƙarfe kan ƙarfe yana gajiyar mini da hannu. Na kashe kaifin gefen cizal da magagari, ina goga wa majinginar kyandir kowace safiya. In tabo ya fito, in bi shi da samfefa.

Mai koyo daga Garin Malam:
Na gode, Allah ya ƙara girma. Maigidana yana da guntun kirya da ya daɗe a zaure, gobe zan roƙe shi. Yaya, kaurin taka santi nawa ne?