Ciwon Damuwa a Gidan Yari: Abin da Muka Gani da Idonmu

Ma'aikaciyar jinya a gidan yari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zaman kurkuku, ko yake da nasa a tsare, ya faɗa mana yadda ciwon damuwa yake kama mutum a can. Nazarin da masu bincike Fazel da Seewald suka wallafa a 2012 ya nuna kusan ɗaya cikin goma na fursunoni maza suna fama da shi, a mata kuwa kusan ɗaya cikin bakwai.

Tsohon fursuna: Wa alaikumus salam, Malama. Ni jiran shari'a ne ya karya mini zuciya, domin wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, yana ta ƙirgawa, amma ni duk sanda aka ɗage zaman kotu sai in dawo ɗaki jiki babu ƙwari. Da farko barci ne ya ƙaurace mini, daga baya na riƙa miƙa wa makwabcina abincina, har wanka ya zame mini aiki. Cunkoso ya ƙara ta'azzara lamarin, kana tsakiyar jama'a ga shi babu wanda za ka buɗe wa cikinka.

Gandiroba mai ritaya: Allah ya ƙara lafiya, Malam. Abin da ya fi damuna shi ne mai wannan ciwo ba ya tayar da hayaniya, saboda haka akan ɗauke shi mai ladabi, hankali ya koma kan masu rigima. Makonnin farko sun fi haɗari, musamman ga wanda ya saba da ƙwaya aka raba shi da ita dare ɗaya. Na kuma ga yadda kulle mutum shi kaɗai yake sauya shi, shi ya sa Dokokin Nelson Mandela na kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, suka haramta yin hakan fiye da kwana 15 a jere.

Mahaifiyar wani fursuna: Lokacin da matar ɗana ta daina zuwa ziyara, sai ya daina tambayar 'ya'yansa, yana zaune kai sunkuye yana cewa ya zame mana kaya. Ban bar wurin ba sai da na nemi likita ya duba shi.

Ma'aikaciyar jinya: Kin kyauta, Mama. Irin wannan furuci ba a wasa da shi, domin yakan zo kafin yunƙurin kashe kai. Idan kin koma, ki tambaya ko yana shan maganinsa a kan kari.